Malaman Kiɗa da Waƙa: Asalinsu da Tafarkin Aikinsu, Daga Kudancin Kaduna Zuwa Cibiyar Taya ta Yamai

1.0 Gabatarwa

A wata ziyarar duba yadda ake aiwatar da manhajar Hausa da muka kai yankin Madakiya, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, mun zauna a wani aji na firamare inda darasin ranar ya faɗo kan waƙoƙin yara. Malamar ta rubuta waƙar a allo, yara suka bi ta suna karantawa kamar yadda ake karanta labari, babu rerawa, babu tafi. Da yammacin wannan rana muka tarar da wasu daga cikin yaran nan a wurin koyon waƙa na unguwa, suna rerawa da muryoyi huɗu, kowane rukuni na riƙe da tasa muryar ba tare da ya kauce ba. Mai koyar da su tela ne, kuma bai taɓa shiga kwalejin horon malamai ba.

Wannan abu da muka gani shi ya jawo tambayar da takardar nan za ta bi diddiginta: su wane ne suka riƙa koyar da kiɗa da waƙa a wannan yanki da sauran ƙasashen da ake jin Hausa, daga ina suka fito, kuma yaya aikinsu ya kasance? Tambayar ta shafi masu tsara manhajar Hausa kai tsaye, domin waƙar baka babban reshe ce ta adabin da muke dora wa malamai su koyar. Takardar za ta dubi malamai iri uku, wato malamin gado da malamin mishan da malamin takarda, sannan ta kawo misalin wata makarantar kiɗa a Jamhuriyar Nijar wadda ta tara ire-irensu a inuwa guda.

2.0 Malamin Gado

Kafin zuwan makarantar boko, kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce kamar ƙira ko jima, kuma gidan makaɗi shi ne makaranta. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya riƙa bin tawaga yana saurare. In kunnensa ya nuna, sai a sa shi cikin 'yan amshi. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga, sai babba, har ya kai matsayin da zai iya ƙara ɗa a cikin waƙa. Ba a ba shi jagoranci sai uba ya tsufa ko ya rasu. Wannan tsari yana da matakai, yana da jarrabawa a gaban jama'a, yana kuma da muƙamai irin su Sarkin Kiɗa da Daudun Kiɗa.

Rayuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo (1909 zuwa 1991) ta isa misali. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne a Maradun, kuma a hannunsa Musa ya koyi kiɗan kotso tun yana ƙarami. Bayan rasuwar mahaifin, wansa Abdu Kurna ne ya jagoranci tawagar, Musa yana mataimakinsa, kafin daga baya ya tsaya da ƙafarsa. Shi ma ya horar da 'ya'yansa a kan wannan turba. Sai dai gado bai rufe ƙofa ga na waje ba. Alhaji Mamman Shata (1923 zuwa 1999) bai gaji waƙa ba, da sha'awa ya shigo ta, duk da ƙin amincewar mahaifinsa, kuma ya kai inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a shekarar 1988.

Ƙin amincewar mahaifin Shata yana nuni da wani abu da ya daɗe yana bin malamin kiɗa. A tsarin zaman Hausawa, makaɗa da maroƙa suna cikin rukunin da ba a ɗaukaka ba, ko da kuwa sarakuna ba sa iya fita ba tare da su ba. Malaman jihadi kuma sun yi rubuce-rubuce a kan kiɗan da ya halatta da wanda bai halatta ba. Amma waƙa a matsayin hanyar koyarwa ba ta taɓa rasa daraja ba. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta horar da jajojinta, su kuma suka kai ilimi ga mata 'yan taru a ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin da ake haddacewa ana rerawa. Ke nan tun a ƙarni na 19 an san malamin da rerawa ce allonsa.

A Kudancin Kaduna, wajen Bajju da Atyap da Agworok da Ham da maƙwabtansu, tsarin ya ɗan bambanta. A nan kiɗa bai zama sana'ar wasu gidaje kaɗai ba, abin gari ne baki ɗaya, wanda ke tafiya da noma da farauta da aure da jana'iza. Dattawa ne malamai, dandali kuma shi ne aji. Tawagar masu busa ƙaho ta nuna irin horon da ake samu: kowane mai busa yana da muryar da aka ba shi da lokacin da zai shigo, kuma sai an haɗa su duka waƙa take fita. Wanda bai iya sauraron na kusa da shi ba, ba zai iya busa ba. Bukukuwa irin su Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na ƙasar Jaba, sun zama wuraren da matasa ke ganin wannan fasaha a hannun manya.

3.0 Malamin Mishan

Sabon nau'in malamin waƙa ya bayyana a yankin ne da zuwan mishan. Ƙungiyar SIM ta buɗe tasha a Kwoi a shekarar 1910, ta buɗe wata a Kagoro wajen ƙarshen shekarun 1920. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, ma'aikata daga kudancin Nijeriya suka zo da majami'unsu da salon waƙoƙinsu. Mishan Katolika ita ma ta kafa makarantu da dama a ƙasar Bajju da kewaye.

Malamin da wannan zamani ya haifar mutum ne mai ɗauke da kaya da yawa. Shi ne malamin aji da safe, mai wa'azi ranar Lahadi, mai koyar da waƙa da yamma. Galibi ɗan manomi ne daga ƙauyen da ke kusa, wanda ya yi 'yan shekaru a tashar mishan ko a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, aka mayar da shi wani ƙauye ya buɗe aji. Ilimin waƙar da ya samu shi ne tsarin do-re-mi, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19 domin talakawan da ba su iya karanta rubutun kiɗa na layuka biyar ba. Tsarin ba ya bukatar komai sai allo da alli da murya, shi ya sa ya kama ƙasa da sauri. Ƙungiyar samari ta Boys' Brigade, wadda ta yi ƙarfi a Kagoro, ta ƙara da koyar da ganguna da begila na maci.

Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, da Hausa aka yi mafi yawan wannan aiki. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma littafin waƙoƙin da majami'u ke amfani da shi na Hausa ne. Saboda haka yaron Madakiya da ya tashi da harshen Jju a gida, sau da yawa a bakin malamin waƙa ya fara gyara lafazin Hausarsa, kuma a littafin waƙoƙi ya fara karanta ta. Gudummawar waɗannan malamai ga yaɗuwar Hausar boko a yankin babba ce, ko da yake ba a cika ambatonta a tarihin koyar da Hausa ba.

3.1 Illolin da Suka Biyo Baya

Wannan hanya ta zo da illa biyu. Ta farko, mishan na farko sun ɗauki ganguna da ƙaho da raye-rayen gargajiya a matsayin kayan bautar dodo, suka hana mabiyansu taɓa su. Malamin waƙa ya zama mutumin da ya iya muryoyi huɗu na Turawa, amma ya juya wa kiɗan kakanninsa baya.

Ta biyu ta shafi harshe. Karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, wato bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Waƙoƙin da aka fassara kuwa an ɗora su ne a kan karin Turawa, inda ake ƙirga yawan gaɓoɓi da wurin da ƙarfin murya ke faɗawa. Sakamakon haka, sai a ja wasalin da gajere ne, ko a datse dogo. Bahaushe ya san cewa tsawon wasali ne ya raba gari na zama da gari na tuwo, don haka kunnensa yakan ji wani abu ya goce ko da bai iya faɗin mene ne ba. Haka nan karin sauti, wanda kalangu ke kwaikwaya har ya yi magana, ba shi da gurbi a waɗannan waƙoƙi.

Gyaran bai fito daga kwaleji ba, daga wajen mata ya fito. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun dawo da salon bayarwa da amshi, suka shigo da tulu da caki da ƙarfen bugawa, suka riƙa tsara waƙoƙinsu da Hausa da harsunan gida a kan karin da suka tashi da shi. Jagorar waƙa a irin wannan ƙungiya malama ce ta kowace fuska: tana tsara waƙa, tana koyar da ita, tana gyara masu kiɗa, tana kuma rainon wadda za ta gaje ta. Bayan da majami'un SIM suka zama ECWA a 1954, jagoranci ya koma hannun 'yan ƙasa, wannan salo ya ƙara samun fili.

4.0 Malamin Takarda

Makarantun gwamnati na Arewa, tun daga wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 har zuwa Kwalejin Katsina, an kafa su ne domin samar da malamai da ma'aikatan hukuma, kuma an yi kaffa-kaffa da duk abin da zai ɓata wa sarakuna da malamai rai. Kiɗa bai samu matsayin fanni mai zaman kansa a wannan tsari ba. Sashen koyar da kiɗa na farko a jami'ar Nijeriya an buɗe shi a Nsukka a 1961, kuma sassan da suka biyo bayansa a shekarun farko yawancinsu a kudu suke. Manhajarsu ta ginu ne a kan piyano da rubutun kiɗa na Turai. Ɗan Kudancin Kaduna da ke son takardar shaida a wannan fanni sai ya yi doguwar tafiya, in ya dawo kuma ya tarar makarantar da aka tura shi ba ta da ko da ganga ɗaya.

A jami'o'in Arewa, ta ƙofar adabi waƙar baka ta shiga. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan waƙar baka, inda ya ɗauki Shata a matsayin misali. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka wadda ɗalibai da yawa suka bi. Kafin su, David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Wannan aiki ya ɗaga darajar makaɗa ƙwarai, amma ya haifar da malamin da ya iya fito da jigo da salo da zubi, ba tare da ya taɓa riƙe gula ba. Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi a shekarun 1970, lokacin da ta ɗauki makaɗa da masu rawa aiki a tawagarta.

Akwai kuma waɗanda suka koyar a wajen makaranta. Bala Miller (1928 zuwa 2003), ɗan wani limamin majami'a Bahaushe, ya tara matasa a Kaduna ya horar da su a kan kayan busa da na kiɗa na zamani, ya kafa tawagar da ta yi suna a gidan talbijin. Rundunonin soja da na 'yan sanda su ma sun yaye masu busa da yawa.

Sauye-sauyen tsarin ilimi sun ƙara matse malamin kiɗa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, sai aka raba aikin malamin aji da na mai koyar da waƙa, wanda a da mutum ɗaya ke yi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya bukaci dubban malamai cikin gaggawa. A 1977 aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, a shekarar ce kuma aka kafa babbar kwalejin horon malamai ta Kafanchan, wadda daga baya ta koma Gidan Waya. Da takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ƙofar aji ta rufe ga duk gwanin da ba shi da ita. Sannan manhajar ilimin tushe ta shekara 9, wadda aka fara aiki da ita a 2008, ta haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da fasaha. Malami ɗaya ke ɗaukar ukun, kuma abin da ya fi sani shi yake koyarwa.

5.0 Misalin Cibiyar Taya

A 1989 Jamhuriyar Nijar ta buɗe Cibiyar Horarwa da Bunƙasa Kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, wadda aka fi sani da CFPM. Abin da ya sa ta cancanci nazari shi ne ire-iren mutanen da suka yi aiki a cikinta.

Dokta Mahaman Garba, wanda ya shugabanci cibiyar, masani ne da ya yi digirinsa na uku a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar. Shi ne ya wakilci ɓangaren bincike da rubutu. Malam Mamman Barka kuwa Batube ne daga Tesker a jihar Damagaram, kuma malamin firamare ne kafin ya yi suna da gurmi da waƙoƙin Hausa. Lakabin malam da ake kiransa da shi daga aji ya samo shi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale na masuntan Buduma. Mutumin da ya riga ya shahara ya koma ya durƙusa a gaban dattijo a matsayin almajiri. Bayan rasuwar Bukar Tar, shi ya ci gaba da riƙon biram, ya kai shi ƙasashen Turai, aka kuma buga faifansa a 2009. Ya rasu a watan Nuwamba na 2018.

Abokin tafiyarsa, Umaru Adamu, makaɗin gado ne daga Maradi, gwanin kalangu da duma. Yakuba Mumuni kuma, wanda aka haifa a Tera a 1966, mai busa sarewa ne da ya koyi fasaharsa a hannun gwanaye, ya ƙara gogewa a cibiyar, sannan ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995 tare da abokan aikinsa. Cibiyar ta kuma tara kayan kiɗa na al'ummomin Nijar a ɗakin ajiya domin nazari da koyarwa.

Darasin farko da ke nan shi ne, cibiyar ba ta sa takardar shaida ta zama sharaɗin shiga ba. Masani da malamin firamare da makaɗin gado sun yi aiki tare, kowa da abin da ya kawo. Darasi na biyu gargaɗi ne. Saura ƙiris biram ya bi Bukar Tar kabari, domin fasahar ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Duk wani kiɗa da ya rage a hannun dattijo guda, a Madakiya ko a Maradun, yana cikin irin wannan haɗari.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ana ba masu tsara manhaja da shugabannin makarantu waɗannan shawarwari:

1. Manhajar Hausa ta fayyace cewa darasin waƙar baka ba ya cika sai an saurara an kuma rera. Jagoran malami ya nuna inda za a yi haka a kowane darasi.

2. A samar da gurbin malamin sa-kai na gari, ta yadda makaranta za ta iya gayyato makaɗi, ko jagorar Zumuntar Mata, ko mai busa ƙaho, ko mai bege, ya koyar tare da malamin aji, a kuma ba shi ladan aikinsa.

3. Kwalejojin ilimi su sa wa ɗaliban Hausa kwas na aikace, inda kowa zai koyi abin kiɗa ɗaya aƙalla, ya kuma iya nuna nauyin gaɓa da tafi.

4. A yankunan da Hausa ke matsayin harshe na biyu, kamar Kudancin Kaduna, a fara da waƙoƙin harshen gida kafin a shiga na Hausa, a kwatanta karinsu. Yaron da ya ga an girmama waƙar kakarsa ya fi sakin jiki da ta maƙwabcinsa.

5. A zaɓi waƙoƙin aji da lura, a fifita na noma da sana'a da wasannin yara da tarbiyya, waɗanda iyaye Musulmi da Kirista za su amince da su.

6. Malamai da ɗalibai su ɗauki muryoyin dattawan garinsu da wayar hannu, su rubuta tarihin yadda kowannensu ya koya da wanda ya koya masa, a ajiye a makaranta.

7.0 Kammalawa

Takardar nan ta bi sawun malamin kiɗa da waƙa tun daga gidan makaɗi da dandalin ƙauye, zuwa tashar mishan, zuwa kwaleji da jami'a. An ga cewa kowane zamani ya ƙara wani abu, ya kuma yar da wani: mishan ta kawo rubutu da muryoyi huɗu ta ture ganga, boko ya kawo nazari da takarda ya bar gwani a bakin ƙofa. Cibiyar Taya ta nuna cewa ana iya haɗa su su yi aiki tare. Malamar da muka gani a Madakiya ba ta yi laifi ba, abin da aka koya mata shi ta koyar. Telan da ke koyar da yaranta da yamma kuwa, tsakanin shagonsa da makarantar bai fi tafiyar minti biyar ba. Aikin da ya rage wa masu tsara manhaja shi ne su rubuta sharaɗin da zai ba shugaban makaranta ikon kiransa ya shigo aji.